Ruwan kurkure baki da kandida: yadda ake hana yis kama wuri a baki

Aƙalla mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ƙwayar yis mai suna Candida albicans a bakinsa, kuma lafiyarsa lau. A cikin masu sa haƙoran roba adadin ya haura haka sosai. Zamanta a baki bai isa a kira shi ciwo ba. Ciwo yana farawa ne ranar da ta samu ta manne da fatar kumatu, ko harshe, ko ganɗa, ko jikin haƙoran roba, ta hayayyafa ba tare da an kore ta ba. A nan ne ruwan kurkure baki mai kashe ƙwayoyin cuta yake da amfani na gaske, kuma a nan ne aka fi yin kuskure wajen amfani da shi.

Yadda kandida ke mannewa

Baki yana wanke kansa dare da rana. Yawu yana kwarara, ana haɗiye shi, fatar cikin baki tana saɓa tana zubar da tsofaffin ƙwayoyinta. Duk ƙwayar yis da ba ta kama wani abu ba za ta bi yawu zuwa ciki. Don haka rayuwar kandida a baki ta rataya ne a kan iya mannewa.

Da farko haɗuwar sako-sako ce. Bangon ƙwayar yis ba ya son ruwa sosai, jikin robar haƙora shi ma haka, sai su jawo juna. Daga nan wasu furotin da ke saman bangon su damƙe fatar baki ko siririn yawun da ya lulluɓe roba. Cikin 'yan sa'o'i ƙwayar da take zagayayya sai ta fitar da tsiro, tsiron ya miƙe ya zama zare, zaren ya kutsa tsakanin ƙwayoyin fata ko cikin ƙananan ramukan roba. Kafin kwana ɗaya zuwa biyu zaruruwan sun saƙu, sun haɗu da bakteriyar baki, sun fitar da wani abu mai yauƙi sun rufe kansu da shi, kamar yadda gansakuka ke kama cikin randar da ba a wankewa. Wannan shimfiɗa mai yauƙi ita ce tushen wahala, domin maganin da zai kashe yis mai yawo a yawu nan take ba ya ratsa ta sai kaɗan. Na sama su mutu, na ƙasa su tashi bayan kwana biyu.

Wanda ya gane wannan ya gane dalilin duk ƙa'idojin da ke tafe. Ruwan kurkure baki yana da ƙarfi a kan yis da bai kama wuri ba da wanda ke shirin kamawa. A kan wanda ya riga ya gina shimfiɗa kuwa, sai buroshi ya fara fasa ta.

Abin da kilohezidin ke yi

Cikin duk magungunan kurkure baki, wanda aka fi bincika a kan kandida shi ne kilohezidin. A jikin kwalba za a ga an rubuta Chlorhexidine, da ƙarfin kashi 0.2 ko kashi 0.12 cikin 100. Corsodyl yana cikin sanannun masu kashi 0.2.

Sinadarin yana ɗauke da cajin lantarki mai jawo shi zuwa bangon ƙwayar yis, wanda cajinsa kishiya ne. Idan ya yi yawa, kamar a lokacin da ake kurkurawa, yana huda fatar ƙwayar, abin da ke cikinta ya tsiyaye ya daskare, ta mutu. Amma abin da ya bambanta shi da sauran magunguna yana faruwa ne bayan an tofar. Kusan kashi 30 cikin 100 na maganin yana maƙalewa a jikin haƙora da harshe da fatar baki, yana saki a hankali har kimanin awa 12. Ragowar nan ba ta kai ta kashe yis duka ba, amma gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna tana rage masa abubuwa uku: iya mannewa da fatar kumatu da robar haƙora, iya fitar da tsiron da ke zama zare, da kuma ƙin ruwan nan na bangonsa da ke taimaka masa kama roba. Ko taɓawa ta ɗan lokaci aka yi masa, yakan ɗauki sa'o'i kafin ya dawo hayayyafa yadda ya saba. Ita ma fatar baki da maganin ya shafa takan yi wa yis wuyar kamawa. Shi ya sa ake yin sa sau biyu a rana da tazarar awa 12. Ƙara na uku da na huɗu ba ya ƙara amfani sai dai ya ƙara baƙin haƙori.

Yadda ake yi

A fara da cire haƙoran roba idan akwai. A goge haƙora da buroshi mai laushi, a goge bayan harshe a hankali daga ciki zuwa waje, kada a kankare har jini ya fito. A kurkure da ruwa sosai har kumfar man goge baki ta fita.

Sannan a jira aƙalla minti 30. Wannan jiran shi ne aka fi tsallakewa. Yawancin man goge baki yana da sinadarin kumfa da ake rubutawa SLS, kuma cajinsa kishiyar na kilohezidin ne. Suna haɗuwa sai su ɗaure juna, maganin ya rasa abin da zai kama yis da shi. Mutum ya yi sati biyu yana kurkurawa nan take bayan makilin, ya ce magani jabu ne, alhali kumfa ce ta cinye shi. Wanda ya goge da aswaki ba ya bukatar wannan jira, tunda itacen ba shi da wannan sinadari. Ya dai kurkure ɓurɓushin da ruwa.

A auna da murfin kwalba ko sirinji marar allura. Mai kashi 0.2 ana ɗiban mililita 10, wato cokalin shayi biyu, a juya shi a baki minti ɗaya cur. Mai kashi 0.12 ana ɗiban mililita 15 na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. Na farko yana ba da miligiram 20 na magani, na biyu miligiram 18, don haka aikinsu kusan ɗaya ne, sai dai na biyun ya fi sauƙi a harshe. A duba agogo, domin ɗacin maganin yana sa mutum ya ɗauka minti ya cika tun a daƙiƙa 15. A tura ruwan tsakanin haƙora, ya zaga kumatu biyu, ya taɓa ganɗa da ƙarƙashin harshe. A tofar, kada a haɗiye.

Bayan an tofar kada a bi da ruwa, kada a ci ko a sha komai na minti 30. Wanda ya kora da ruwa don ɗaci ya wanke ragowar da ita ce za ta yi aikin hana mannewa har yamma.

Tsawon amfani sati ɗaya zuwa biyu ne. Kada ya wuce sati huɗu sai da umarnin likitan haƙori. Mai azumi zai iya yin ɗaya bayan sahur kafin alfijir, ɗaya kuma bayan isha'i.

Idan ana shan maganin kandida

Idan farin nan mai kama da gudajin nono ya riga ya bayyana a harshe ko kumatu, wanda idan an share shi ake ganin ja a ƙasa, to ruwan kurkure baki mataimaki ne kawai. Ainihin maganin shi ne nistatin na ruwa, ko jel ɗin maikonazol, ko ƙwayar fulukonazol, gwargwadon abin da likita ya rubuta.

A nan akwai tarko. Nistatin da kilohezidin idan suka haɗu a baki suna zama wani gishiri da ba ya narkewa, dukansu biyu su rage ƙarfi. A raba su da aƙalla awa ɗaya. Nistatin mai raka'a 100,000 a kowace mililita ana sa shi sau huɗu a rana bayan abinci, a riƙe a baki gwargwadon iko kafin a haɗiye, a ci gaba har kwana biyu bayan farin ya ɓace. Ga tsarin da ke aiki: bayan karin kumallo a goge baki a sa nistatin, da hantsi a kurkure da kilohezidin, nistatin bayan abincin rana, da kuma bayan la'asar, bayan abincin dare a goge baki, a jira rabin awa, a yi kilohezidin, nistatin na ƙarshe gab da kwanciya, bayan awa ɗaya ta wuce. Idan wannan ya yi wa tsoho ko mai jinya nauyi, gara a bar nistatin shi kaɗai a baki, a ajiye kilohezidin don jiƙa haƙoran roba. Wannan ya fi a rikita su duka biyu.

Yawancin nistatin na ruwa yana da sukari mai yawa, don haka mai ciwon suga da mai ruɓaɓɓen haƙori su faɗa wa likita. Maikonazol da fulukonazol kuma suna ƙara ƙarfin wafarin, maganin tsinka jini, har ya kai ga zubar jini mai haɗari. Suna iya ƙara ƙarfin wasu ƙwayoyin ciwon suga kamar gilibenkilamaid, suga ya faɗi ƙasa. Mai ciki kada ta sha fulukonazol bisa shawarar mai kemis.

Haƙoran roba

Wannan ɓangare ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ciwo ya fi komowa. Cikin haƙoran roba na sama, wato gefen da ke kwanciya a kan ganɗa, ba a goge shi ya yi santsi kamar waje ba. Yana da kaushi da ƙananan ramuka, wurin da ɗumi, yawu kuma ba ya shiga ya wanke. Idan aka cire aka ga ganɗa ta yi ja daidai siffar robar, sau da yawa babu ko zafi, to kandida ce. Mafi yawan yis ɗin yana jikin robar, wanda ke kan fata kaɗan ne. Wanda ya yi wa baki magani ya bar robar zai mayar da ciwon da hannunsa kowace safiya. Akwai ma wani nau'i, Candida glabrata, da ke kama roba da ƙarfi kuma fulukonazol ba ya cin sa sosai, ga wani, Candida krusei, da fulukonazol ba ya yi masa aiki tun asali.

A cire robar kowane dare, babu togiya. A goge ta ciki da waje da buroshi nata na daban da sabulun ruwa marar ƙamshi, a kan kwano mai ruwa don kada ta faɗi ta fashe. Man goge baki na yau da kullum yana kankarar roba, kuma kowane kankaro sabon maɓoya ne. A wanke sabulun tas, domin shi ma yana kashe ƙarfin kilohezidin. Sannan a jiƙa ta cikin mai kashi 0.2 na minti 15, sau biyu a rana muddin ana jinya. A ɗauraye kafin a mayar baki, musamman idan ana amfani da nistatin.

Robar da babu ƙarfe ko kaɗan a jikinta ana iya jiƙa ta a ruwan bilic da aka sirka. Bilic na gida mai ƙarfin kashi 3.5, idan aka haɗa ma'auni ɗaya da ma'auni shida na ruwa, yana komawa kashi 0.5. Kada jiƙon ya wuce minti 10, kuma a ɗauraye da ruwa mai yawa. Bilic yana narkar da shimfiɗar nan mai yauƙi fiye da kilohezidin, amma yana cin ƙarfe, kuma idan ya daɗe yana koɗar da launin dasashin roba. Kada a haɗa shi da kilohezidin a kwano ɗaya, suna yin wani guda mai launin ƙasa. Kada a zuba wa roba tafasasshen ruwa, tana lanƙwashewa ta daina zama daidai. Da dare a ajiye ta cikin ruwa mai tsabta, a canza ruwan kullum.

Robar da ta tsufa, ta tsage, ko take rawa a baki tana goge fata, ba ta tsabtacewa duk yadda aka jiƙa. Likitan haƙori zai sake mata shimfiɗa ko ya yi sabuwa. Tsagewar gefen baki da ba ta warkewa ga mai haƙoran roba yawanci daga wannan tushe take, kuma tana bukatar man shafawa na kandida a wurin.

Sauran ruwan kurkure baki

Masu sinadarin da ake taƙaitawa CPC, mai ƙarfin kashi 0.05 zuwa 0.07, suna aiki ta hanya irin ta kilohezidin, suna kashe yis mai yawo kuma suna rage mannewa, amma suna barin baki cikin 'yan sa'o'i. Ba sa ɓata haƙori sosai, don haka sun fi dacewa da amfani mai tsawo bayan an gama jinya. Masu man itatuwa irin Listerine, da taimol da mentol da yukaliftol, suna kashe yis a lokacin kurkurawa, ragowarsu kaɗan ce. Wasu nau'o'insu suna da alkohol sama da kashi 20 cikin 100, wanda ke ƙona bakin da ya riga ya yi ja. A nemi wanda aka rubuta ba shi da alkohol, musamman ga mai busasshen baki.

Ruwan aidin na kurkure maƙogwaro mai kashi 1 yana kashe yis da sauri, amma ba na mai ciwon maƙoƙo ba ne, ko mai ciki, ko mai shayarwa. Ruwan gishiri, rabin cokalin shayi a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, yana sanyaya zafi kuma yana wanke baki, amma ba ya hana kandida mannewa yadda magani ke yi.

Gargaɗi mai muhimmanci: sunan kilohezidin yana jikin wasu abubuwa da ba na baki ba ne. Jel ɗin cibiyar jarirai da ake bayarwa a asibitocin Najeriya ƙarfinsa kashi 4 ne, fiye da ninki 20 na wanda ake kurkurawa. Savlon yana da shi haɗe da wani sinadari na wanke fata. Dettol sinadarinsa daban ne gaba ɗaya. Babu ɗaya daga cikinsu da ake sirkawa a sa a baki.

Abubuwan da ke faruwa, da dalilansu

Haƙora da harshe su yi launin ƙasa. Maganin da ya maƙale a haƙori yana kama launin abin da aka ci. Shayi da kofi su ne manya, goro da taba kuma suna ƙarawa. A rage su a kwanakin jinya, ko a nisanta su da lokacin kurkurawa da awa biyu. Launin harshe yana gushewa da kansa, na haƙori kuwa likita yana goge shi.

Ɗanɗano ya canza, musamman a daina jin gishiri a abinci na wasu sa'o'i. Shi ya sa ake yin sa bayan abinci. Mai hawan jini ya kula kada ya riƙa ƙara gishiri a miya saboda wannan.

Fatar baki ta yi zafi ko ta saɓule. A sirka mai kashi 0.2 da ruwa daidai wa daida a kofi lokacin amfani, kada a zuba ruwan cikin kwalba. Idan bai lafa ba a daina. Dattin gindin haƙora yana saurin daskarewa ya yi tauri idan amfani ya yi tsawo, sannan maganin ba ya bambance bakteriya mai amfani da marar amfani, wani dalilin ke nan na taƙaita kwanakinsa.

Kumburin gefen fuska a gaban kunne yana faruwa ga 'yan kaɗan, yana sauka idan an daina. Amma kumburin leɓe ko harshe, ƙaiƙayi da borin jini, jiri, ko numfashi da ƙyar bayan kurkurawa, wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti nan take. A 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan irin wannan bori daga kilohezidin. Wanda ya taɓa yin sa ya faɗa a duk asibitin da ya je, domin ana wanke fata da shi kafin tiyata.

Yaran da ba su kai shekara 12 ba kada a ba su sai likita ya ce, 'yan ƙasa da shekara shida kuwa haɗiyewa suke yi. Jaririn da ya yi farin baki nistatin ake ɗiga masa, a duba kan nonon uwa a yi masa magani tare, a tafasa kan fida idan ana amfani da ita. Kada a dirje harshensa da tsumma, kada a shafa masa zuma kafin ya shekara.

Idan ciwon yana komowa

Kandida da ta koma bayan an bi duk waɗannan matakai tana nuna akwai abin da ke buɗe mata ƙofa. A auna suga, domin yawan sukari a yawu yana ciyar da ita kuma yana ƙara mata mannewa. A yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, domin farin baki ga babba marar haƙoran roba yana cikin alamunta na farko. A auna jini don ƙarancin sinadarin ƙarfe ko bitamin B12. A duba ko an daɗe ana shan antibayotik, waɗanda ke kashe bakteriyar da ke gasa da yis a kan wurin zama. Mai asma da ke shaƙar inhela mai sitiroyid ya kurkure da ruwa ya tofar bayan kowace shaƙa, ya nemi bututun tazara da ake haɗawa da ita. Mai busasshen baki, ko daga magunguna ko daga gashin ciwon daji da ake yi a asibiti a wuya da kai, ya riƙa kurɓar ruwa akai-akai da tauna cingam marar sukari, ya ƙara kula a lokacin hunturu.

A je asibiti ba tare da jira ba idan haɗiya tana zafi ko abinci yana tsayawa a ƙirji, domin alama ce ciwon ya gangara bututun abinci, inda kurkurawa ba ta kaiwa. Haka kuma duk farin tabo da ba ya sharuwa, ko jan tabo, ko gyambon baki da ya kai sati uku bai warke ba, musamman ga mai shan taba ko mai sa ta a leɓe. Irin wannan likita zai duba, wataƙila ya yanki ɗan ƙarami a kai ɗakin gwaji.